Abin da koyar da tarihin Woodrow Wilson ya koya mini

Duk malamin tarihin da ya kai ɗalibansa ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya dole ya bi ta kan Woodrow Wilson, shugaban Amurka daga 1913 zuwa 1921. A littattafan da muke koyarwa da su, mutumin fes yake. Farfesa ne da ya shugabanci Jami'ar Princeton, ya yi gwamnan New Jersey, ya fito da manufofi 14 na zaman lafiya a Janairun 1918, ya tsaya kai da fata aka kafa ƙungiyar ƙasashen duniya da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, aka ba shi lambar Nobel ta 1919. Yaro ya haddace wannan, ya ci jarrabawa, shi ke nan.

Shirya darasin ne ya koya mini in riƙa ajiye jawabin shugaba gefe, in leƙa ofisoshinsa. A zamanin Wilson, ma'aikatun gidan waya da na baitulmali suka ware baƙaƙen ma'aikata daga farare: wurin zama daban, wurin cin abinci daban, har banɗaki. Daga 1914 aka ce mai neman aikin gwamnati ya haɗa takardarsa da hoto, kowa kuwa ya san amfanin hoton. A Nuwamban wannan shekarar William Monroe Trotter, ɗan jarida baƙar fata daga Boston wanda ya mara wa Wilson baya a zaɓen 1912, ya jagoranci tawaga zuwa fadarsa da koke. Wilson ya ce wariyar don alherinsu ce, da Trotter ya ja da shi sai ya fusata, ya ce salon maganarsa ya ɓata masa rai, ya sallame su. Shi ne kuma ya tura sojoji Haiti a 1915, ba su fita ba sai 1934.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Paris ya faru, a taron sulhu na bayan yaƙin. A Afrilun 1919 Japan ta nemi a rubuta daidaiton mutane ba tare da bambancin launin fata ba cikin kundin sabuwar ƙungiyar. Wakilai 11 cikin 17 suka goyi baya. Wilson, da yake shi ke jagorantar zaman, ya ce sai kowa ya amince, magana ta mutu. Don adalci, Birtaniya da Ostireliya ne suka fi tada jijiyar wuya a kai, amma hukuncin daga bakinsa ya fito.

Ajina kan farka idan na kawo zancen gida. Tsarin riƙon amana na wannan ƙungiya shi ya tabbatar wa Ingila da Faransa rabon Kamarun da aka ƙwace daga Jamus, aka haɗa su Mubi da Gwoza da Dikwa da mulkin Arewacin Nijeriya. Manufa ta biyar cikin 14 ɗin ta ce a duba maslahar mutanen da ake mulka, amma ba wanda ya tambayi mutanen yankin abin da suke so sai ƙuri'un raba gardama na 1959 da 1961, waɗanda suka haifi Lardin Sardauna. Wata ɗaliba da kakanta ya kaɗa ƙuri'a a lokacin ta ajiye biro, ta ce, “Malam, ashe da mu a ciki?”

Taurin kai ma ya ci Wilson a Amurka. Ya ƙi sassautawa ga Sanata Henry Cabot Lodge, wanda ya nemi a sa sharuɗɗa kafin Amurka ta amince da yarjejeniyar kafa ƙungiyar, ya shiga jirgin ƙasa yana zagaya jihohi neman goyon baya, ya kamu da shanyewar ɓarin jiki a Oktoban 1919, matarsa Edith ta zama mai tace wanda zai gan shi. Majalisar dattawa ta ƙi yarjejeniyar, Amurka ba ta taɓa shiga ƙungiyar da shugabanta ya yi wa wahala ba.

A 2020 Princeton ta cire sunansa daga makarantarta ta harkokin mulki. Ni ban cire shi daga darasina ba, don babban bankin Amurka na 1913 da dokar aikin awa takwas ga ma'aikatan jirgin ƙasa ta 1916 duk da sa hannunsa. Tambayar jarrabawa kawai na sauya. Yanzu nakan ce su rubuta tarihin Wilson kamar yadda akawun gidan waya baƙar fata a Washington zai ba da shi, ko manomi a Haiti, ko ɗan kasuwa a Mubi, su kuma kawo shekara da hujja kan kowace magana.