Ranar da na ga uwar goro

Shekarata 22 ina sayar da goro a unguwar Aboabo ta Kumasi, a Gana. Sana'ar gado ce, don kakan mahaifina da jakai ya biyo fataken Gwanja daga Kano har Salaga, bai koma ba. A rufe mini ido a damƙa mini goro, zan faɗi ko daushe ne ko sabon zuwa, ko sankara ta taɓa shi. Amma bishiyarsa, sai ranar wata Alhamis cikin Nuwamba na fara sa ta a ido, shi ma a rakiyar 'yan firamare.

Makarantar 'yata ce ta shirya kai 'yan aji 5 wata gona a bayan Ejisu, inda ake koya wa yara aikin gona da hannunsu. An nemi iyaye biyu su yi rakiya, uwargida kuwa ta ba da sunana ba ta ko shawarce ni ba. Da na yi ƙorafi sai ta ce, "Alhaji, ai kai ne mai son ba da labarin fatake, ga fatauci ya samu."

Ƙarfe 7 muka tashi, yara 28 da malamai biyu cikin bas ɗin haya. Cunkoson Oforikrom da Tech Junction ya cinye mana kusan awa guda. Muna wuce Ejisu muka saki titin Accra muka hau jar hanya. Tun daga nan na san farar kaftanin da na sa kuskure ce.

Ajin dai rumfa ce ta kwano, da bencina na gora da allo rataye a jikin bishiya. Mai gonar wani dattijo ne Batone, wato ɗan ƙabilar Asante, kowa Agya yake ce masa, ni kuma ya laƙaba mini Kramo, kamar yadda Tonawa ke kiran Musulmi. Da Tonanci ya tambayi yaran wa ya san koko. Hannu ya tashi ko'ina. Wani yaro ya miƙe ya ce shi kullum da safe sai ya sha, da ƙosai. Malamai suka yi ta dariya, amma ban ga laifin yaron ba. A Zango in an ce koko, na gero ake nufi, mai citta da kanumfari. Wancan na bishiya, wanda Gana ke cikin manyan masu noma shi a duniya, a jikin gwangwanin Milo kawai muke haɗuwa da shi.

Agya bai tsaya dogon bayani ba, ya kora mu cikin gona. 'Ya'yan koko a jikin kututture suke fitowa, kamar an liƙa su, ruwan ɗorawa in sun nuna. Manya ne ke yanko su da wata lanƙwasasshiyar wuƙa a bakin doguwar gora. Yara ba a ba su adda ba, kulki aka ba kowa. Bugu biyu a tsakiya, sai ɓawon ya dare, ga ƙwayoyi wajen 30 zuwa 40 lulluɓe cikin farin abu mai yauƙi. Aka ce su tsotsa. Zaƙi da ɗan tsami, har 'yata ta ce, "Baba, ya fi alewa." Wata mai gaggawa ta tauna ƙwayar, ɗaci ya sa ta tofar, ta tsaya tana kallon shunin da ke ciki kamar an cuce ta.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin da ake rufe ƙwayar. Ana shimfiɗa ganyen agade a ƙasa, a tsiba ta, a lulluɓe da wani ganyen, a danne da itace, a bar ta kamar kwana 6 ana juyawa. Agya ya ɗaga gefen wani tsibi mai kwana 4, ya ce kowa ya cusa hannu. Na cusa nawa har wuyan hannu na zare da sauri: zafi kamar cikin tuwon da aka kwashe ɗazu, ga wani tsamin wari da ya doki hanci. Ba wuta, ba rana. Malamar kimiyya ta bayyana cewa ƙananan halittu ne ke cin zaƙin farin abin nan, zafin da suke tayarwa ya kashe ƙwayar, ɗacin ya ragu, ƙamshin cakulan ya fara. Ta ce ta koyar da wannan a aji tun zangon da ya wuce, ba wanda ya riƙe. Yanzu kuwa layi suka sake yi don su ƙara cusawa. Daga nan sai shanya a kan tabarmin gora bisa gadaje, mako guda ko biyu, har ƙwayar ta riƙa ƙaras-ƙaras in an damƙa.

An ba su labarin Tetteh Quarshie, maƙerin da ya dawo da irin koko daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong ta Akuapem. Rabinsu hankalinsu na kan wata akuya.

Muna komawa rumfa ne jan tururuwa suka zubo mini a wuya daga wani reshe. Ina tsalle ina kakkaɓe kaftani, yara na ƙunshe dariya, sai Agya ya nuna sama ya ce, "Kramo, ga uwar kasuwarka tana gaishe ka." Doguwar bishiya ce mai duhun ganye, ta yi wa koko inuwa. Na wuce irinta sun fi goma tun safe ban sani ba. Ya sa aka tsinko kwanso ɗaya, kore, mai ƙuraje, tsawon tafin hannu. Ya tsaga shi, ga goro shida a jere, kowanne cikin farar riga. Sai an jiƙa rigar ta ruɓe a wanke, a bar shi ya yi gumi cikin kwando, sannan ya zama abin da ke iso mini a huhu. Na murje guda da babban yatsa, ja ya bayyana. Na ɓara shi, ɓari biyu, gwanja sosai.

A nan malamar ta juyo ta ce, "Alhaji, bisimilla, ajin naka ne." Na tsinci kaina ina koya wa yara marsa da minu, wato manyan goro da ƙanana, da cewa ƙwarya goro 100 ce, da yadda ganyen fita ke riƙe masa danshi har ya kai Kano bai bushe ba. Agya ma ya matso yana saurare. Ya ce shi iyakarsa bakin hanya, inda masu saro ke auna masa, bai taɓa sanin inda goronsa ke ƙarewa ba.

Bayan azahar, wadda muka yi a kan buhuna, aka ci ampesi, wato dafaffen agade ko doya, da miyar ganyen gwaza. Kowane yaro ya cika baƙar leda da ƙasa ya binne ƙwayar koko ɗaya, aka ce sai shekara 3 zuwa 5 za ta yi 'ya'ya. Ta 'yata na nan bayan randa, ta hana kowa matsawa kusa.

Ni kuwa kwanso biyu na roƙa. Washegari na ajiye ɗaya a kan faifan goro a rumfata. Maƙwabcina, wanda ya girme ni a sana'ar da shekara 10, ya ɗauka ya jujjuya, ya shinshina, ya ce, "Wannan kuma maganin mene ne?"