Shuka ta yi yaushi a cikin tanti? Ajiye butar nan tukuna

Sana'ata haɗa tantin shuka na cikin ɗaki, shagona na Samaru a Zariya, kuma wallahi yawancin kiran da ake min magana ɗaya ce: "Malam, shukar nan ta langaɓe, na ƙara mata ruwa amma abin sai gaba yake yi." Toh wannan ƙarin ruwan shi ne ke ƙarasa da yawa daga cikinsu. Mutanenmu da sun ga ganye ya sunkuyar da kai sai a ce ƙishirwa ce, a ɗauko buta, alhali a cikin tanti ruwa ya fi fari kisa nesa ba kusa ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, tantin wani ɗan ɗaki ne na yadi mai kauri da zif, cikinsa na ƙyalli don haske ya riƙa dawowa kan ganye, a sama a rataye fitilar LED, ga fanka ɗaya mai zuƙe iska ta fitar waje, wata ƙarama kuma tana kaɗawa a ciki. Masu zuwa wajena iri-iri ne. Akwai matan gida masu son latas da na'a-na'a da ba a fesa wa komai ba, akwai masu lambu da ke renon irin tumatir da attaruhu kafin dashe, akwai kuma ɗaliban ABU masu aikin binciken kammala karatu. Masu lambun tun shekarar 2016 suka fara waiwayo mu, lokacin da tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Tun daga nan mutane suka gane amfanin reno a wurin da yake rufe.

In aka kira ni, abu na farko da nake yi ba ganyen nake dubawa ba, tukunyar nake ɗagawa. In ta yi nauyi kamar an cika ta da laka, kuma ganyen ya lanƙwashe ƙasa amma da ƙwarinsa in ka taɓa, ya yi kauri ya cika, to ruwa ne ya yi yawa. Saiwa ma numfashi take, tana buƙatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, da ruwa ya toshe wuraren nan sai ta shaƙe, ta kasa tura ruwan sama duk da tana zaune a cikinsa tsundum. Shi ya sa shukar ke kama da mai jin ƙishi. In kuwa tukunyar ta yi sakayau, ƙasar ta ja baya daga gefe har kana hango rata, ganyen ya yi laushi ya yi falalan, wannan ita ce ƙishirwa ta gaskiya, kuma ita mai sauƙi ce, ka ba ta ruwa a hankali, ka jira ya tsuma, ka ƙara, cikin 'yan awanni za ka ga ta miƙe. Wadda ruwa ya yi wa yawa kuwa sai an yi kwanaki ana haƙuri, hannu a aljihu. Ka tura yatsa gaɓa biyu cikin ƙasar, in da sanyin laima kada ka zuba komai, ko da zuciyarka na ta tsinkewa.

Wannan ba a littafi na fara koyonsa ba. Kawuna na da lambu a fadamar Galma, tun ina ɗan firamare nake bin sa ban ruwa, kuma na tuna da azahar tumatir ɗin duk ya kwanta, ni in ruga in buɗe ruwa, shi ya ce kai zo nan ka zauna. Cewa yake yaushin rana ba a yanke masa hukunci, sai ka dawo da asuba, in ka tarar ya miƙe to lafiyarsa ƙalau zafi ne ya dame shi, in ka tarar har yanzu yana kwance to ka tona ka ga abin da ke ƙasa. Ya kan ciro shuka ɗaya ya karkaɗe ƙasar ya kai saiwar hancinsa, ya miƙo min in shinshina. Mutumin nan bai san karatun boko ba, amma daga baya da na fara zuwa wajen malaman gona a IAR da NAERLS, cibiyoyin binciken noma na ABU, ina 'yan tambayoyi, sai na ga abin da suke faɗa da turanci shi ne dai yake nuna min da hanci. Allah Ya jiƙansa.

Har yau haka nake yi. In kife tukunya a tafin hannu, in zaro shukar da ƙasarta gaba ɗaya. Saiwa mai lafiya fara ce tas, da ƙwari, ƙamshin ƙasar damina take yi. Wadda ta ruɓe ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, tana yauƙi, in ka ja da yatsu biyu sai fatar ta saɓule ta bar maka wani siririn zare, ga wari. Galibi kuma za ka ga wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna tashi daga saman ƙasar da ka girgiza, su ma shaida ce cewa wurin bai taɓa bushewa ba. In abin bai yi nisa ba ina yanke ruɓaɓɓen, in sauya ƙasa, in mayar cikin tukunyar yadi ko bokitin da na huhhuda sosai. Wani lokacin kuma ba ruɓa ba ne, saiwar ce ta cika tukunya tana ta zagaye kanta babu sauran ƙasa, irin wannan kullum da rana sai ta yi yaushi ko ka ba ta ruwa da safe, maganinta babbar tukunya kawai.

Akwai wani gwaji da nake so ƙwarai, don kwastoma kan tsaya baki buɗe. In tumatir ya langaɓe farat ɗaya ganyensa kore shar, ba rawaya ba komai, sai in yanke karan kusa da ƙasa, in nemo kofin gilashi da ruwa mai kyau, in tsoma bakin yankan in riƙe ba motsi. Cikin 'yan mintuna in ka ga wani farin abu kamar zare yana silalowa daga karan zuwa cikin ruwan, to ciwon bakteriya ne mai toshe hanyar ruwa, kuma ba shi da magani, a fitar da shukar da ƙasarta a ƙona, a wanke tukunyar da bilic. In kuma gefe ɗaya na shukar ne ya yi rawaya ya kwanta, ka tsaga karan ka ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa, wannan na naman gwari ne, Fusarium, shi ma daga ƙasa yake shigowa. Saboda haka ni ba na yarda a kwaso ƙasar tsohon lambun tumatir a shigo min da ita tanti, ko da kyauta ce.

Anan ne fa raina ke ɓaci. Yanzu kowa ya zama mai haɗa tanti, yaro ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya buga kati. Su sayo garin ɓawon kwakwa mafi arha, wanda ba a wanke gishirinsa ba, su jiƙa su cusa a leda su miƙa wa mutum. Bayan kwana kaɗan shuka ta yi yaushi bakin ganye ya ƙone, don gishirin ya hana saiwa jan ruwa. Ni nawa sai na jiƙa na tsiyaye na sake jiƙawa, ina aunawa da mita har gishirin ya sauka, sannan in gauraya da ƙonannen ɓuntun shinkafa don iska ta samu hanya, in daidaita pH ɗin ruwan taki, wato ma'aunin tsaminsa, tsakanin 5.8 da 6.5. Wannan aikin yini guda yake ci kuma ba ya fitowa a hoto, sai Alhaji ya zo ya ce "Haba Malam, wani a Sabon Gari ya ce zai min a rabin kuɗinka." In ce Allah Ya ba da sa'a Alhaji. Ba a rufa wata ba sai ga shi a waya, ranka ya daɗe ko za ka leƙo.

Taki ma haka. Mutum ya ɗebo kamfa ko yuriya da hannu ya barbaɗa a tukunyar lita goma kamar yana gonar masara. A gona ruwan sama na wankewa, a tukunya ina zai je? Za ka ga wani farin ɓawo ya taru a saman ƙasa da bakin ramukan ƙasan tukunyar. In na ga haka ruwa zalla nake bi da shi, ninki biyu zuwa uku na girman tukunyar, ya fita ta ƙasa, a bar ta ta huta kafin a dawo da taki mai rauni.

Sai yanayin garinmu, wanda masu rubuta takardar da ke zuwa cikin kwali ba su san da shi ba. Tumatir da barkono sun fi jin daɗi a ma'aunin zafi 22 zuwa 28, da ya haura 32 fure ya fara zubewa. Toh a watan Maris da Afrilu Zariya waje ma yana kusantar 40, ka ɗora ɗakin kwano, ka ɗora fitila, ka rufe zif. In aka ɗauke wuta kuma inbata ya riƙe fitila kaɗai ba fanka, shikenan an dafa shuka. Shi ya sa duk tantin da na haɗa fankar fitar da iska nake fara ɗorawa a kan batir kafin fitila, kuma a bazara nake juya lokacin haske ya koma dare, a kunna da magariba a kashe da hantsi, awa 14 zuwa 16 sun isa. Kada a bar wa tumatir fitila dare da rana babu hutu, ganyensa lalacewa yake. Lokacin hunturu matsalar ta juye, iskar ta bushe ƙayau, laimar iska ta faɗo ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, alhali ƙananan shuka na son wajen 65 zuwa 70. Ganye na zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya kawowa, sai yaushi, ƙasa kuwa a jiƙe. Nan ba buta ake nema ba, a rage ƙarfin fanka, a rataya jiƙaƙƙen tawul ko a sa na'urar feshin raɓa, a kuma juya bayan ganye a duba don busasshen zafi shi jan gizo-gizon nan mai tsotse ganye ke so. Da damina ta kankama a watan Agusta kuma sai a rage ban ruwa sosai tunda ƙasa ba ta bushewa da wuri.

Fitila kanta tana sa yaushi in an matso da ita, musamman ganyen sama, za ka ga gefensa ya naɗe. Ga matsakaiciyar LED ina barin tazarar santimita 30 zuwa 45, ga jarirai in ɗaga sama fiye da haka. Kuma nan ma 'yan jabu sun shigo, kwali ya ce wat 1000, ka sa mita ka ga abin da take ja bai kai kusa ba, ga zafi kamar me don babu ƙarfen da zai sha zafin a bayanta. Wani dillali ya taɓa aiko min irinsu bayan mun yi magana a kan wasu daban, na mayar masa da kayansa a motar da ta kawo su. Kowace fitila sai na kunna ta a shago na auna kafin ta shiga gidan mutum.

Wata Hajiya a Hanwa ta kira ni hankali a tashe wai barkononta duk ya sunkuya, na tambaye ta ƙarfe nawa take gani, ta ce dab da fitila za ta mutu. Na ce Hajiya ki kwanta ki yi barcinki, barkono dama yana sauke ganye in lokacin hutunsa ya zo, ki duba awa ɗaya bayan haske ya dawo. Haka wadda aka yi wa dashe jiya, kwana biyu ko uku tana ɗan langaɓewa, a rage mata haske kawai a ƙyale ta. Mai son in duba masa, ya turo hoton shukar gaba ɗaya da fitilar tanti a kashe, da hasken ɗaki, ya haɗa da hoton ƙasan tukunyar, ya kuma gaya min yaushe rabon da ya ba ta ruwa. Wanda ke cikin gari daga Kwangila zuwa Tudun Wada har Wusasa ina zuwa da kaina, amma ranar Juma'a sai bayan la'asar.