Sa'adu Zungur da Ɗan Maraya a Aji Guda

A zangon karatun da ya wuce na ba ɗalibaina na aji biyar wani aiki: su auna rubutacciyar waƙa da waƙar baka, su gaya mini wacce ta fi iya kai kukan talaka. Na zaɓa musu "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Malam Sa'adu Zungur, mutumin Bauchi da ya rasu a 1958, da kuma "Karen Mota" ta Ɗan Maraya Jos.

Da allo muka fara. Aka rubuta baitocin biyu gefe da gefe, nan take yara suka yanke hukunci. Ta Sa'adu ga ma'auni, ga amsa-amo, ga hujja na bin hujja, yana jan kunnen sarakuna su gyara tun kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ta Ɗan Maraya kuwa sai maimaici da gajerun jimloli. Wani yaro ya ce, "Malam, wannan ai hira ce."

Washegari na jona wayata da 'yar lasifika. Kuntigi na fara kuka sai ƙafafu suka soma buga ƙasa a ƙarƙashin benci. Wata yarinya da yayanta ke bin tirela ta ce ita ta san yaron motar da ake wa waƙar, ta san rigarsa mai baƙin mai, ta san yadda yake dirowa da gudu ya sa waigi. Maimaicin da suka raina jiya, shi suka fita suna rerawa. Daga ranar na daina yarda a yi wa waƙar baka hukunci a kan takarda. Ita ma rubutacciyar sai da na sa wani mai murya ya rera ta, ai haka ake yi da ita tun asali. 'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, a dandalin lacca suke rera waƙoƙinsu, wanda bai san bihim ba ya haddace ya kai ƙauye.

To ina bambancin yake? Ni dai inda na gan shi, a tukunyar tuwo ne. Makaɗin fada daga hannun sarki yake ci. Yana da zambo mai zafi, amma a kan ɗan sarkin da ke ja da ubangidansa zai sauke shi, ba zai taɓa sarautar kanta ba. In kuma abin ya dame shi sai ya fake da habaici, a tambaye shi ya ce shi bai kama suna ba. Marubuci ba shi da wannan mafaka. Da yawansu a baitin ƙarshe suke sa sunansu, a zamanin da ɗan doka da kotun alƙali ke jiran duk ɗan adawa. Kuma waƙarsa tana jawo raddi: Mudi Sipikin ya mayar wa Sa'adu martani da "Arewa Jumhuriya Kawai", muhawarar tsarin mulki sukutum a cikin baitoci.

Ɗan Maraya ya ɗan ɓata mana lissafi, shi ya sa ma na zaɓe shi. Ba 'yan amshi, ba ayarin makaɗa da zai ciyar, daga shi sai kuntiginsa, don haka ya samu sukunin yi wa ɗan talaka waƙa har ya rasu a 2015. Amma bai ce kowa ya tashi ya yi bore ba. Yaron motar kawai ya ajiye a gabanka ya bar ka da kunyarka.

Da aka zo ƙuri'a yawancin ajin Ɗan Maraya suka bi. Na ba Sa'adu tawa, don shi ya faɗi abin da yake so a canja, ya kuma faɗa wa waɗanda ke da ikon ɗaure shi. Yarinyar nan ba ta yarda ba, ta ce yayanta bai taɓa jin sunan Sa'adu ba.