Ranar hutu a gidan tarihin Landan

Duk wanda ya sauka Landan sabo nakan ce masa ya fara da gidajen tarihi, don kusan su kaɗai ne garin nan bai cajin mutum a kansu. Haya ta cinye albashi, kuɗin jirgin ƙasa ya kwashe ragowar, to ranar hutu in ba ka so ka wuni a ɗaki tunanin gida na cin ka sai ka ɗau katin Oyster na shiga bas da jirgin ƙasa ka fita. Tower of London da Westminster Abbey sai an biya kuma ba kaɗan ba, ni dai daga waje na tsaya na ɗau hoto da Big Ben na tura wa Hajiya a WhatsApp, amsarta kawai ina rigar sanyinka.

British Museum kam kyauta ne, jaka kawai za a duba a ƙofa. Tun 1759 yake buɗe. Jama'a sun yi dafifi kan dutsen Rosetta, wanda da shi aka gano yadda ake karanta tsohon rubutun Masar, kowa da waya a sama, da ƙyar na leƙa. A bene na tarar da gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna an naɗe su cikin gilashi yara na zagayawa, wallahi jikina ya yi sanyi, mamaci ai sutura yake buƙata ko shekara dubu nawa ya yi. Ban daɗe ba na sauko.

Inda na daɗe shi ne ɗakin Afirka, can ƙasa. Allunan tagulla na birnin Benin da ke jihar Edo jere a kan sanduna, Oba, wato sarkinsu, da fadawansa, har murjanin wuyansu ana iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, ga ramukan ƙusa a gefe inda aka kafa su jikin ginshiƙan fada. Sojojin Ingila ne suka kwaso su a 1897 bayan sun ci birnin da yaƙi. Ni Bakano ne ba ɗan Edo ba amma abin ya tsaya min a rai, sai da na nemi biza na ƙetaro teku sannan na ga aikin ƙasata. Jamus ta fara mayar wa Najeriya da nata a 2022, gidan tarihin Horniman da ke nan Landan ma ya miƙa mallakar nasa a shekarar, su kuwa British Museum sun ce dokar 1963 ta hana su. To ai majalisa ce ta yi dokar, ga ta nan bakin kogi kusa da Big Ben, in ta ga dama gobe ta canza.