Laraba a Tawa: bashin jika 350 da ya koma 450

Tun bayan sallar asuba na kunna kwamfuta, ina so in gama kafin rana ta take. Zafin Afrilu a Tawa ba ya barin kai ya yi lissafi bayan ƙarfe 11, ga kuran da ba a san sa'ad da za a ɗauke ba.

Aikin na Kawu ne. Albasa yake ɗaukowa daga Galmi, ƴan kasuwa su ɗiba bashi su kai Gana da Kodebuwa, in sun dawo su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wata 2 ke nan ina zuba masa littafinsa cikin manhajar da nake ginawa da Django, wani kayan gina manhajar yanar gizo a yaren kwamfuta na Python, bayanan kuma suna cikin rumbun bayanai mai suna PostgreSQL. Jiya da dare ya ce abu guda yake so: ya danna, ya ga duk wanda bashinsa ya haura jika 300.

Tun farko na rubuta wa kowane abokin ciniki wata metod, wato ɗan umarnin lissafi, mai suna ragowar_bashi. Tana tara kuɗin buhunan da ya ɗiba, ta cire abin da ya biya. A shafin mutum ɗaya tana aiki sumul. Sai na sa sunanta cikin filter, umarnin da ke tace jerin sunaye, Django ya mayar mini da saƙon kuskure na FieldError, ya ce bai san gurbi mai wannan suna ba.

Na ɗan zauna ina kallon saƙon. Gaskiya yake da ita. Metod ɗin a Python take zaune, tana jiran a ɗauko mutum cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta kafin ta yi aiki a kansa. Shi kuwa filter, SQL yake rubutawa, yaren da rumbun bayanai ke ji, ya aika wa rumbun. Kamar ka aiki yaro sito da takarda ne: mai sito ya san buhuna da lambobinsu, amma lissafin da ke cikin kanka bai shiga takardar ba. Kuma na fi son a ƙi ni a fili haka. Entity Framework Core na Microsoft, wani kayan aikin da ke magana da rumbun bayanai, da can yakan kwaso layuka duka ya tace a gefe ba tare da ya tsaya ba, sai a fitowa ta 3.0 a 2019 suka hana.

Na fara gwada hanyar kusa: kwaso kowa, kira metod a kan kowanne. Mutum 400 da ɗoriya, kowanne zuwa biyu wurin rumbu. Ya fito daidai, amma fankar tsohuwar kwamfutata har ƙara take, kuma badi sunayen ƙaruwa za su yi. Sai na mayar da lissafin cikin annotate, umarnin da ke maƙala wa kowane suna sakamakon lissafi, Sum (tarawa) ɗaya na saye, ɗaya na biya, rumbun ya yi da kansa. Kafin ƙiftawar ido jerin ya fito.

Bayan azahar Kawu ya shigo da littafinsa mai baƙin bango, wanda gefensa ya yi ja saboda bawon albasa da gumin hannu. Ya sa tabarau, ya bi allo da yatsa, ya tsaya a suna na huɗu.

"Ɗana, wannan jika 350 nake binsa. Nan ka sa 450."

Na ce, "Kawu, a bari in duba."

Ya buɗe shafin ya ajiye mini a kan cinya. Ɗiba uku: 200, 150, 250. Biya biyu: 100 da 150. Ya ce, "Shekara 12 muna hulɗa da mutumin nan. In na buga masa waya na ce 450, da wane ido zai dube ni?"

Jikina ya yi sanyi. Na fitar da SQL ɗin na karanta, nan na ga ɓarnar. An haɗa jadawalin saye da na biya wuri guda, uku sau biyu, layi 6. Kowace ɗiba ta shiga sau biyu, 600 ta zama 1,200. Kowane biya ya shiga sau uku, 250 ya zama 750. Cire ka gani: 450. Littafin bayanin Django kansa ya yi kashedi a kan tara abu biyu daga jadawali daban-daban cikin annotate ɗaya, an sha faɗawa cikin ramin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda shafin mutumin yake nuna 350, jeri kuma 450, cikin manhaja ɗaya. Na rubuta ƙa'idar bashi a wuri biyu, suka rabu. Masu SQLAlchemy, wani kayan aikin Python na daban, suna da hybrid_property, rubutu guda ya yi aiki a ɓangaren Python da na SQL. GeneratedField, gurbin da rumbu ke lissafawa da kansa, wanda Django 5.0 ya zo da shi a Disamban 2023, ba zai fisshe ni ba, don gurabun layi ɗaya kawai yake gani, biyan kuwa yana wani jadawali.

Da la'asar na raba taron da Subquery biyu, wato ƙananan tambayoyi, ɗaya ta saye ɗaya ta biya, na ajiye lissafin a wuri ɗaya tak cikin QuerySet, inda Django ke shirya tambayar da yake aika wa rumbu, na goge tsohuwar metod, shafin mutum da jeri duk suna ɗiba daga can. Na rubuta gwaji da lambobin mutumin nan, ɗiba uku biya biyu, dole ya ba da 350.

Bayan isha'i muka zauna tsakar gida da shayi, Kawu na karanto suna daga littafi, ina karanto masa adadi. Mun yi 60, duk sun dace. Ya ce ba zai kira kowa ba sai mun bi sauran gobe.