Ƙura ce ta nuna mini inda gaz ke zurarewa

'Yan uwa masu koyo, kilim ɗina na taga, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ya hana ni sakat tun farkon bazara, yau kwana 16 ke nan yana sanyi bai ja baya ba. Sai yanzu na yarda in buɗe baki, don sau biyu ina murna tana komawa ciki.

Tsoho ne, mai doki ɗaya da rabi, mai aiki da gaz ɗin sanyi na R22, na hannu na saye shi a Sabon Gari. Kwamfiresa na tashi, fanka na juyawa, amma iskar ba ta fi ta mafici ba. Ƙanƙara ta kama layi biyu na farko na tiyon gaba mai ba da sanyi, kusa da siririn tiyo, sauran a bushe, amfer kuma, wato wutar da yake ja, bai kai abin da ke rubuce a jikinsa ba. Kowa ya san fassarar wannan: gaz ya ragu. Na zare shi daga akwati, na wanke shi tas da omo, na ɗaura bawul mai huda tiyo tunda irin na taga ba su zuwa da bakin cikawa, na ɗura gaz. Kwana 9 ya yi. Na sake ɗurawa, ya yi 11. Jika 7 kowane zubi, ga azumin cefane da uwargida ta lura da shi tun kafin in faɗa.

Kumfar sabulu kam babu mahaɗar da ban shafa wa ba. Har na ɗora wa bawul ɗin laifi, na cire shi na liƙa na dindindin da wuta. Bai yi asara ba, don masu hudawar nan robarsu ba ta jure zafinmu, amma ba shi ne ɓarawon ba.

Da abin ya ishe ni na je wurin wani dattijo mai gyaran firigo a gefen Kasuwar Dole. Bai ko ɗaga kai daga aikinsa ba.

"Ɗana, ka wanke shi kafin ka duba?"

"Na wanke, Baba, har da buroshi."

"To ai shaidarka ka wanke."

Ya ce gaz ba ya fita shi kaɗai, da ɗan man kwamfiresa yake tafiya, ƙura kuma ba ta ganin mai ta wuce. In mayar da shi taga, in bar shi ya sha ƙura. Wallahi na ji kunya, don wankin nan da shi nake alfahari.

Ƙura dai ba a sayenta a Damagaram. Mako biyu muna kwana a tsakar gida, ina kunna shi kaɗan-kaɗan da rana. Da na sake zare shi na haska tocila, ga tabo baƙi mai danshi, bai fi kwandalar dala biyar ba, can ƙasan kondansa, ragar tiyon baya mai fitar da zafi, a kan lanƙwasar tiyo ta ƙarshe. Wurin yana gugar farantin da ruwa ke kwanciya, tsatsa ta ci farantin, girgiza ta cinye tagullar. Yatsa ba ya shiga, shi ya sa kumfata ba ta taɓa isa ba. Na kai wa Baba ya matsa masa nitirojin zuwa psi 150, na ɗiga ruwan sabulu da tsinke. Na ƙirga har goma kafin ƙwayar kumfa ɗaya ta kumbura, ƙarama kamar idon kifi. Wannan ce ta ci mini jika 14.

Liƙin farko na yi ɓarna. Na bar wuta ta daɗe, fikafikan alminiyom uku suka narke kamar kitse. A na biyu na naɗe gefe da tsumma jiƙaƙƙe, na sa guntun kwano ya tare harshen wutar, azurfa ta bi lanƙwasar sumul. Na bar shi da nitirojin ya kwana. Bayan sallar asuba na ga allurar ma'aunin matsi ta ɗan sauka, gabana ya faɗi, ashe sanyin safiya ne. Kafin azahar ta koma inda take.

Wajen zuƙe iskar cikin tiyo kafin cikawa na biya jika 2 aka ba ni aron famfo na gaske. Masu yi da tsohuwar kwamfiresar firigo, ban hana ku ba, amma ni na gaji da rabin aiki. Cikawa kuma da sikeli na yi, giram 750 kamar yadda aka buga a jikinsa, da sikelin shagon maƙwabcina. A zafin da ya haura digiri 40 allura kan hau, ka ɗauka ya ƙoshi alhali da saura. Na cusa guntun robar taya tsakanin tiyon da farantin.

Yanzu babban tiyo yana gumi har bakin kwamfiresa, amfer ya daidaita. Abin da ya rage shi ne fankar, tana nauyin tashi in wuta ta dawo, sai ta yi gurnani kafin ta ɗauka. Kondansatarta nake zargi, 'yar na'urar da ke taimaka mata tashi. Wanda ke da mita mai auna mikrofarad, ma'aunin ƙarfin kondansata, a nan gari, ina neman aron yini ɗaya.