Yadda na kwance sarƙar agogona na wanke ta

Wani baƙin shaci na riƙa gani a wuyan hannuna duk daren da na cire agogo. Na ɗauka ƙarfen ne ke zuba, ashe dauɗa ce: gumi da ƙura da matacciyar fata sun daskare a tsakanin gaɓoɓin sarƙar. Tsumma ba ya kaiwa can, kuma ban yarda in tsoma agogon gaba ɗaya cikin ruwa ba, don robar da ke tare ruwa tana tsufa. Dole sai an raba sarƙar da kan agogon.

Abin da ke riƙe ta ɗan siririn fin ne mai sifirin a ciki, wanda ke maƙale tsakanin kunnuwan agogon biyu. Na agogona tsawonsa milimita 20 ne, kuma kowane gefen sarƙar yana da nasa. Na liƙa salatef a kunnuwan don kada su karce, na kifa agogon, na sa wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da ake cire fin da shi na danna kafaɗar fin ɗin ciki. Na farko ya fito lafiya. Na biyu kuwa ya yi tsalle, sai can ƙarƙashin kujera na tsince shi bayan dogon nema. Tun daga ranar, a kan farin tawul nake wannan aiki, yatsana a kan fin ɗin.

Na jiƙa sarƙar a ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke na minti 15. Kafin in taɓa ta ma ruwan ya koma ruwan toka. Sai na ɗauki buroshin haƙori mai laushi, ina lanƙwasa gaɓa ɗaya bayan ɗaya don tsakaninsu ya buɗe. Maɓallin ya fi ko'ina muni. Da tsinken sakace na riƙa zaƙulo wani baƙin abu mai danƙo daga lungunansa. Nan hankalina ya tashi, domin wannan dauɗar da ƙurar cikinta ita ke cin fin-fin ɗin gaɓoɓi a hankali, har sarƙa ta saki ta riƙa lilo. Abin da ya riga ya cinye kuwa wanki ba ya dawo da shi.

Ban sa bilic ba, yana yi wa ƙarfe ramuka. Man goge baki ma na guje shi, saboda yana dusashe wuraren da ke sheƙi.

Na ɗauraye sau biyu, na tsane da ƙyalle mai laushi, na bar ta ta kwana a shanye don ruwan da ya ɓuya a ciki ya fita. Wajen mayarwa na juya ta, maɓallin ya koma gefe yana cizon hannuna. Ashe gajeren ɓangaren sarƙar a gefen lamba 6 ta fuskar agogon yake zama. Na sake kwancewa na gyara, na ja kowane gefe da ɗan ƙarfi don in tabbatar fin ya shiga raminsa, sannan na ɗaura.